Marfin Tukunya

Ni maɗinki ne a Kwarbai,
allura ce fartanyata, wuyan riga ne gonata.
Nakan hango yagewa tun tana ƙwayar gero,
na san inda zare zai saki tun bai saki ba.
Amma ɗana Nafi'u, shekara biyu da wata bakwai,
bai taɓa ce mini Baba ba,
kuma ban gani ba.

Inna ta ce, "Namiji ne, harshensu da nauyi,
kakansa ma sai da ya shekara huɗu."
Maƙwabta suka ce miskili ne, gado ya yi.
Uwarsa Barira ta daina yi mini zancen,
sai da dare in ji tana kiran sunansa ta bayansa,
sau uku, sau huɗu, a hankali,
kamar mai zura guga rijiyar da ba ta san zurfinta ba.

Wata Talata cikin damina
Malama Tasalla ta asibitin unguwa ta yi sallama,
jakarta ta koɗe, takalminta duk taɓo.
Awon damtsen yara ya kawo ta.
Ta daɗe tana kallon Nafi'u yana gara ƙwarƙwaron zare.
Ba ta ce komai ba.
Ta ɗauki marfin tukunya, ta zagaya bayansa,
ta sake shi a kan siminti.
Kaji suka watse.
Ni kaina allura ta shige mini yatsa.
Nafi'u bai waiwaya ba.

Na yi fushi, Allah ya sani na yi fushi.
Na ce, wa ya aiko ki ki tona mana asiri?
Ta zauna a kan turmi, ta shanye ruwan da aka ba ta,
sannan ta ce, "Malam Shu'aibu,
in an kawo maka riga da ɗan tsagi a hammata,
kakan ce a bari sai bayan Sallah?"

Shika da nisa in aljihu ba nauyi.
Daga Ƙofar Doka a hau wannan, a sauka a hau wancan,
a yanki kati, a bi layi,
a ce ku dawo Alhamis.
Ita ta rubuta mana takarda, ita ta san ƙofar da ake bugawa.
Matan adashe suka bar wa Barira ɗaukar farko
ba tare da kowa ya ce don me ba.
Ni kuma na ɗinka aska takwas har biyu,
idona na ruwa a gaban fitila.

Kowace Talata sai ta zo.
"Durƙusa, Barira, bari ya ga bakinki.
Ɗora hannunsa a maƙogwaronki, ki ce ruwa.
Kai ma ajiye allurar nan,
rabin sa'a ba za ta talauta ka ba."
Na ajiye.
Ashe ban taɓa zama ƙasa da ɗana ba.

Ranar da aka maƙala masa na'urar a kunne
hadari ya taso daga wajen Kufena,
da la'asar ruwa ya sauko,
kwanon ɗakinmu ya hau ruri.
Yaron nan ya ƙwalla ƙara, ya ruga, ya cusa kai cikin rigata.
Ban taɓa murna da kukan yaro ba sai ranar.
Barira tana dariya, tana share fuska da bakin zane,
tuwo yana ƙonewa, ba wanda ya tashi.

Har yau bai ce Baba ba.
Yana cewa "wa" in yana son ruwa,
yana cewa "ja" in ya ga jan zare,
wani lokaci ma in ya ga kore.
Malama Tasalla ta ce kada mu ƙirga da yaran maƙwabta,
mu ƙirga da jiyansa.

Jiya marfin nan ya suɓuce wa Barira a bakin murhu.
Nafi'u ya juyo,
ya ɗaure fuska kamar dattijon da aka katse wa barci,
ya koma kan ƙwarƙwaronsa.